Defender ko Kaspersky: wanne za ka bar wa kwamfutar gida?

Kawuna ne ya kira ni daga Tahoua wancan watan, bayan munka gaisa ya ce "ɗana, kai da ke taɓa waɗannan abubuwa a Yamai, na sayo kwamfuta ta hannu saboda yaran gida, mai kanti ya ce in ƙara kuɗi ya saka min antibirus na Kaspersky, ƙanenka kuma ya ce a bar ta haka nan wai akwai nata a ciki, to wa zan bi?" Na ce "Kawu ka yi haƙuri sai na yi maka ƴan tambayoyi tukuna", don amsar tana ga yadda kwamfutar za ta zauna a gidan, wa ke taɓa ta, kile nawa ke shiga cikinta a sati, sau nawa take ganin intanet. Tambayar nan an sha yi min ita, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya abin da na sani.

Abubuwan da nake dubawa kafin in ce wa mutum ɗauki wanga. Na farko kama birus, amma ba kamawa irin ta masu intanet dare da rana ba, kamawa ranar da forfe ya ƙare kuma yaro ya dawo daga sibar da kile a aljihu. Na biyu kuɗi, kuma kuɗin shekara uku nake lissafawa ba na ranar saye ba. Sai nauyi, don yawancin kwamfutocin gidajenmu na hannu ne masu ram jiga 4 da tsohon disk mai juyawa. Sai abin da yake ci na mega, sai sauƙin aiki ga wanda bai san kan abin ba, daga ƙarshe haɗari, wato ina za a iya cutarka a wajen saye ko a wajen amfani.

Bari in fara da na cikin gida. Microsoft Defender yana zuwa ne a jikin Windows, tun Windows 8 a 2012 ya zama cikakken antibirus, kuma yana nan a Windows 10 da 11. Ba a sayensa, ba kod, ba ranar ƙarewa. Mutane da yawa har yanzu suna masa kallon da, lokacin da yake baya sosai, kuma gaskiya a farkon shekarunsa bai da ƙarfi. Amma akwai gidajen gwaji masu zaman kansu, AV-TEST a Magdeburg ta Jamus da AV-Comparatives a Innsbruck ta Ostiriya, aikinsu kenan su jefa wa antibirus dubban birus su ga me zai yi. AV-TEST maki 6 take bayarwa a kariya, 6 a sauri, 6 a sauƙin amfani, jimla 18, kuma shekaru kenan Defender yana samun 6 ɗin kariya ko dab da shi sau da yawa, kafaɗa da kafaɗa da na kuɗi. Duk wanda ya ce maka Defender ba komai ba ne, labarin shekara goma baya yake ba ka.

Inda yake da rauni, kuma wanga ya shafe mu kai tsaye, ya dogara sosai da intanet. In ya ga wani abu da bai sani ba yakan tambayi na'urorin Microsoft nan take, to in babu rezo babu wanda zai tambaya, sai abin da ke cikinsa tun sabuntawar ƙarshe. AV-Comparatives tana auna wannan daban, kamawa da intanet da kamawa ba intanet, kuma a gwaje-gwaje da dama an ga Defender yana sauka sosai in anka cire shi daga intanet. Mutumin Turai wannan bai dame shi ba, mu kuwa da ke haɗa kwamfuta da wayar hannu minti ashirin mu kashe don kar mega ya tafi, a nan matsalar take. Akwai kuma wani abu da mutane ba su lura da shi, in ka sa wa haɗin alamar connexion limitée don tattalin forfe, sabuntawar Defender tana iya tsayawa ba tare da ka sani ba, sai ka shiga Sécurité Windows da kanka, ka je Protection contre les virus et menaces ka danna neman sabuntawa. Minti biyu ne, amma sai an tuna.

Wajen nauyi, a kwamfuta mai SSD, wato sabon irin disk mai sauri da ba ya juyawa, ba za ka ma san yana nan ba. A mai tsohon disk kuwa in kana kwafe dosiye mai hotuna dubu ko kana saka sabuwar manhaja za ka ji fanka ta tashi, abu ya ja. Ba ya kashe aiki, amma ana ji. Sauƙi kam ba a magana, ba ya damunka da talla, ba ya cewa ka sayi wani abu, kuma in ka saka wani antibirus shi da kansa yake ja da baya ya bar masa wuri. Yana da wani abu mai amfani da yake a kashe tun asali, Accès contrôlé aux dossiers, wanda ke hana baƙuwar manhaja taɓa takardunka da hotunanka, kunna shi yana da kyau amma wani lokaci yana tare har manhajar kirki sai ka ba ta izini da hannu, wannan na iya rikita dattijo. Akwai kuma binciken da yake yi bayan ya sake tayar da kwamfutar kafin Windows ta gama farkawa, Analyse hors ligne, don birus masu ɓuya.

Yanzu haɗarinsa, kuma wannan ba laifin Defender ba ne, laifin yadda muke sayen kwamfuta ne. Da yawa daga cikin na hannu da ake sayarwa an saka masu Windows da Office na kirak, wato na sata da ba a biya lasisinsu ba, kuma Defender yana kama kayan kirak ɗin ya goge, to sai mai gyara ya kashe Defender ɗin gaba ɗaya don aikinsa ya zauna, wani ma Windows ɗin da anka yanke mata sassa yake sakawa babu Defender sam. Kai kana gida kana cewa ai akwai nata a ciki, alhali ƙofa a buɗe take. Don haka kafin ka yarda da shi buɗe Sécurité Windows ka gani da idonka, alamomin kore ne ko ja, kuma ranar sabuntawar ƙarshe yaushe ce. In shafin ya ƙi buɗewa ko ya fito fari fat, an taɓa shi.

Sai Kaspersky. Kamfanin Rasha ne, an kafa shi a 1997 a Mosko, Eugene Kaspersky na cikin waɗanda sunka kafa shi kuma shi ke jagorantarsa. A nan ƙasar kusan shi ne sunan da kowa ya sani, ka shiga kantin kayan kwamfuta a Yamai ka ce antibirus, galibi koren kwalin nan za a miƙo maka. Tun 2022 sun canza sunayen kayansu, da ana cewa Anti-Virus, Internet Security, Total Security, yanzu Standard, Plus, Premium ne, to in ka ga kwali da tsohon suna ka tambaya da kyau ko tsohon kaya ne. Don gida Standard ya isa, Plus yana ƙara VPN, mai ɓoye zirga-zirgarka a intanet, da ma'ajiyar kalmomin sirri, in ba ka bukatarsu kar ka biya kuɗinsu.

Wajen kamawa ba ni da abin cewa sai yabo, shekara da shekaru yana sahun gaba a gidajen gwajin nan biyu, kuma an san shi da rashin yawan ƙararrawar ƙarya, wato ba ya yawan kama takardar kirki ya ce birus ce. Ba intanet ma yakan riƙe kansa fiye da Defender a gwaje-gwaje da dama, ko da yake shi ma in ya yi wata biyu bai ga sabuntawa ba tsohon soja ne da tsohuwar bindiga. Abin da na fi so a jikinsa biyu ne. In ka soka kile yana iya tashi nan take ya bincike shi ko ya tambaye ka, Defender kuwa yana duba abin da ka buɗe ko ka kwafa ne, in kana son ya bi kile ɗin duka sai ka danna dama ka ce ya bincika. Na biyu Surveillance du système, mai lura da halin manhaja, in ya ga wata ta fara kulle takardu ɗaya bayan ɗaya sai ya tsayar da ita ya yi ƙoƙarin mayar da abin da ta ɓata.

Maganar kulle takardun nan bari in tsaya a kanta, don na gani da idona kuma har yau abin yana min ciwo. Wata ƙanwata tana rubuta memuwar ɗinta na ƙarshen karatu, wata takwas tana aiki, sai wani abokin karatunta ya ba ta wata manhaja ta kirak. Washegari duk takardunta sun ƙi buɗewa, kowace an liƙa mata wasu haruffa a ƙarshen suna, ga wata takarda _readme.txt a kowane dosiye ana neman dalar Amurka 980, wai in ta biya cikin awa 72 a rage zuwa 490. Irin wanda ake kira STOP ko Djvu ne, kuma ta kayan kirak ya fi yaɗuwa. Dalar Amurka 980 ta haura jika 500 na sefa, ina ɗaliba za ta samo. Akwai wani antibirus a kwamfutar da wani mai gyara ya saka mata, shi ma na kirak ne, ya daina sabuntawa tun tuni, Defender kuma an kashe shi. Abin da ya cece ta rabin aikin da ta taɓa tura wa malaminta ta imel, sauran sake rubutawa ta yi tana kuka. Tun ranar duk wanda ya ce min zai saka "Kaspersky kyauta na shekara goma" nake ce masa don Allah ya bari, antibirus na kirak kamar ka ɗauki ɓarawo gadi ne, ka ba shi makullin kowane ɗaki.

Kuɗin Kaspersky na shekara ne, kuma a nan mutane ke faɗuwa. Farashi yana bambanta daga kanti zuwa kanti da kuma yawan na'urorin da lasisin ya ɗauka, amma a ce an sayar maka jika 15, to a shekara uku jika 45 kenan, kuɗin da zai iya saya maka SSD ko disk na waje na ajiyar takardu. Shekarar farko kowa yana biya da zafinsa, shekara ta biyu ga kuɗin lakwal ga azumi ga ragon layya, sai a ce bari zuwa wata mai zuwa, jan gargaɗi yana fitowa ana rufe shi har a saba da shi. A ƙa'ida in lasisi ya ƙare Windows 10 da 11 suna tayar da Defender ya karɓi aiki, amma in dama an kashe shi tun a kanti babu mai karɓa. In ka san ba za ka sabunta ba, cire Kaspersky ɗin gaba ɗaya ka tabbatar Defender ya tashi, ya fi maka alheri da barinsa a mace.

Wajen saye ma a kula. Kod ɗin haruffa da lambobi 20 ne, kashi huɗu biyar-biyar, kuma kwanakin suna fara ƙirguwa ne daga ranar da anka kunna shi a karon farko, to in mai kanti ya ce kawo in saka maka da kod ɗin da ke hannunsa, mai yiwuwa lasisin na'ura uku ko biyar ne ya raba wa mutane, kai ka samu ragowar kwanaki. Ka sa a buɗe kwalin a gabanka, bayan an kunna ka duba kwana nawa ya nuna, ya kamata ka ga 365 ko kusa. Kuma lasisinsu yana da yanki, wanda ɗan'uwa ya aiko daga wata nahiya ko wanda anka sayo da arha a intanet yana iya ƙin kunnuwa a nan. In da katin banki ka saya a shafinsu, ka lura da sabuntawa ta kai tsaye, shekara na cika za a cire kuɗi in ba ka kashe ba.

Nauyinsa ba laifi, a tsohuwar kwamfuta sau da yawa ya fi Defender sauƙi wajen kwafe-kwafe, amma saukar da shi a karon farko da sabuntawar farko suna cin mega sosai, gara a yi a inda ke da wifi. Yana da saituna da yawa, wanda ya iya zai ji daɗi, wanda bai iya ba kuma saƙonninsa na iya tsorata shi ya danna abin da bai gane ba.

Sai maganar siyasa da wasu ke ji a rediyo. A 2017 gwamnatin Amurka ta hana ma'aikatunta amfani da Kaspersky, a watan Maris 2022 hukumar tsaron intanet ta Jamus, BSI, ta yi gargaɗi a kansa bayan fara yaƙin Yukren, a watan Yuni 2024 kuma Amurka ta hana sayar da shi a ƙasarta baki ɗaya, sabuntawa ta tsaya masu a ƙarshen Satumba na shekarar. Dalilinsu tsoron kada gwamnatin Rasha ta tilasta wa kamfanin ya ba ta bayanai. Kamfanin ya musanta, kuma tun 2018 ya fara mayar da sarrafa wasu bayanan masu amfani da shi zuwa Zurich a Suwizalan. Ni a ganina, ga gidan da abin da ke cikin kwamfutar hotunan biki ne da darussan yara, wannan ba shi ne abin da zai hana ni barci ba, kowane antibirus yana ganin cikin kwamfutarka, na Amurka ne ko na Rasha. Amma in kana aiki da wata ƙungiya ta waje ko kana kawo aikin ofis gida, tambayi masu kula da kwamfutocinsu tukuna, wasu sun hana shi a dokarsu.

| Abin dubawa | Microsoft Defender | Kaspersky Standard |
|---|---|---|
| Kuɗi | babu, yana cikin Windows | ana biya duk shekara |
| Kamawa da intanet | mai kyau sosai | mai kyau sosai |
| Kamawa ba intanet | yana sauka | ya fi riƙewa |
| Kile | yana duba abin da ka buɗe, cikakken bincike da hannu | yana iya bincika da an soka |
| Tsohuwar kwamfuta | ana jinsa wajen kwafewa | galibi ya fi sauƙi |
| Ɗorewa | ba ya ƙarewa | ranar da lasisi ya ƙare sai an sake biya |
| Sauƙi | ba ruwanka da shi | sai an saka, an kunna, an saba |
| Babban haɗari | a kashe shi a kanti ba ka sani ba | kod na jabu ko rabawa, da mantawa da sabuntawa |

Wani abu kan Windows ɗin kanta. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, amma ta ce Defender zai ci gaba da samun sabuntawar sanin birus a kanta har Oktoba 2028. Wannan ba ya toshe ramukan Windows ɗin, antibirus kowane iri ba ya yin aikin magini, in kwamfutarka za ta ɗauki Windows 11 ka matsa. Windows 7 kuwa tun Janairu 2020 anka sallame ta, kuma abin da ake kira Defender a cikinta ba cikakken antibirus ba ne, manhajojin leƙen asiri kawai yake kamawa, to mai Windows 7 ba ya cikin wannan zaɓin ma, dole sai na waje, ya karanta bayan kwali ya ga ko yana ɗaukarta.

Birus ɗin rakursi da ya addabi kowa, wanda ke ɓoye takardun kile ya bar maka gajerun hanyoyi masu ƴar kibiya, duka biyun suna kama shi in suna da sabuntawa. Takardun ba su ɓata ba, ɓoye su anka yi, kar ka yi saurin formate, kuma kar ka danna rakursin don dannawar ce ke tayar da shi. Wasu suna ƙara Smadav na Indonesiya saboda kile, shi kansa mataimaki yake kiran kansa, ba ya maye gurbin babba. Manyan antibirus biyu a kwamfuta ɗaya kuwa kar a yi, rigima suke yi da juna kwamfutar ta yi nauyi.

To wa ya dace da wanne. In kwamfutar taka ce kai kaɗai ko kai da uwargida, Windows 10 ko 11 ce, tana ganin intanet ko sau biyu a sati, ba ka saka kayan kirak, ka bar Defender, kuɗin ka sayi disk na waje ka riƙa kwafe takardunka kana cire shi kana ajiyewa a durowa, don in ka bar shi a soke, birus mai kulle takardu har shi zai kulle. Ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi shi ma Defender, ya kunna kariyar dosiye, kuma duk dare ya tura wa kansa memuwar ta imel. In kuwa gidan yawa ne, yara biyar kowa da kile ɗinsa, yau sibar gobe wajen fotokofi jibi wajen mai tura fina-finai, intanet kuma sai an yi sa'a, Kaspersky ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin na gaskiya ne kuma akwai mutum ɗaya a gidan da ya ɗauki nauyin sabuntawa. Haka mai ƙaramar sana'a da ke ajiye lissafin kanti ko yake shiga asusun banki ta kwamfutar, ko mai buga wa mutane takardu da kowane kile na unguwa ke bi ta hannunsa, shi kam ko shawara ba sai ya yi ba. Wanda ke zargin an riga an shiga kwamfutarsa kuma bai da kuɗi yanzu, Kaspersky suna da Virus Removal Tool kyauta a shafinsu, ana saukar da shi a yi bincike sau ɗaya a share, sannan a ci gaba da Defender.

Kawu dai da na tambaye shi, ya ce yara huɗu ne ke amfani da ita, babban yana jami'ar Djibo Hamani kullum da kile, intanet kuma sai in ya ba su wayarsa ranar Juma'a. Na ce "Kawu saya, amma a buɗe kwalin a gabanka ka ga 365, kuma ka ba ƙanena waya in nuna masa inda zai duba ko an kashe Defender, don ranar da lasisin ya ƙare a samu mai karɓar aiki." Ranar ƙarewar na sa ya rubuta a jikin kalandar falo, ni ma na sa ta a wayata.